Ranar da Maharazu Ya Amsa Sunansa

Da a ce a wancan lokacin ka shigo Yankara ka tambayi inda Maharazu mai magani yake, da ka sha ƙarya har ka ƙoshi. Mai shayi zai ce maka ya koma Katsina. Mai faci zai ce a'a, shi Kaduna ya ji an ce. Liman kansa, da ba ya iya ƙarya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah dai shi sa shina lahiya inda shike." Duk wannan kuwa Maharazu na tsaye cikin shagonsa, yana jin ku, riƙe da tsintsiya.

Ni na shirya wannan ƙaryar, ni Mairo, yayarsa, kuma har gobe ban ga laifina ba.

Yana goye uwarmu ta rasu, ni na ƙarasa goyon. A bayana ya yi haƙora, a ɗakina ya koyi baƙi. Da ya girma ya tafi Zariya ya karanto harhaɗa magunguna. Shi ba irin masu kemis ba ne da suka koyi sayar da magani a hannun ubangida. Famasis ne mai lasisin hukuma, wanda ake sabunta masa duk shekara, shagon ma da nasa rajistar daban. Abokan karatunsa duk sun watse Abuja da Kano, suna shan sanyin fanka. Shi kuwa taurin kai ya dawo da shi gida. Ya buɗe shago a bakin kasuwa, ya kafa wani ƙaton koren allo mai sunansa da lambar wayarsa, ya rataye lasisi cikin gilashi, ya sa farar riga da tabarau. Ni kuma tunda maigidana ya rasu sai na baje ƙuli-ƙuli da man gyaɗana a barandar shagon. Ba na ɓoyewa, na yi taƙama a wancan lokacin. Ko wanda ya zo sayen ƙuli sai na nuna masa allon.

Sai aka ɗauke Malam Harisu.

Malam Harisu ma'aikacin lafiya ne a wani gari wajen Sabuwa, yana da ɗan shagon magani. Wata ranar kasuwa wasu mutum biyu suka shiga wurinsa, suka gaishe shi da ladabi, suka sayi maganin ciwon kai. Suka tambaye shi ko shi ne likitan, ko yana yin allura, ko a garin yake kwana. Shi bawan Allah ya amsa musu tsakani da Allah. Ba a jima ba suka dawo da rana tsaka, su da yawa, ba su taɓa akuyar kowa ba, shi kaɗai suka ɗora a babur. Ba kuɗin fansa suke so ba. Suna da masu rauni a daji, suna son mai ɗinki da allura. Wanda aka ɗauka don kuɗi, danginsa na da abin da za su sayar. Wanda aka ɗauka don hannunsa kuwa, babu wanda ya san abin da zai kai a sako shi. Har yau matarsa ba ta san ko ta yi takaba ba.

Ranar da labarin ya iso mana na sa aka sauke allon. Maharazu yana ta "Yaya, tsaya, Yaya, ki saurara," ni ko kallonsa ban yi ba. Na kai allon rumbu na danne da damman gero. Lasisin da farar rigar na sa su ƙasan akwatina. Na bi gari gida-gida, daga mai unguwa har masu tallan goro, na ce daga yau Maharazu ya bar gari, wanda ke cikin shago Gide ne, mai tsaron kaya. Babu wanda ya yi mini musu, don kowa ya san in aka ɗauke shi, garin ne ya zama maraya.

Muka yi tsari. In na hango baƙuwar fuska ta nufo mu sai in ɗaga murya in ce, "Gide, miƙo mani buta." Shi kuma ya zare tabarau ya cusa aljihu, ya ɗauki tsintsiya. Mutumin da ya ƙare jami'a, ga shi yana sharar da ba ta ƙarewa, yana magana da baƙi kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. In baƙon ya wuce ya mayar da tabarau ya ci gaba da duba takardar likita. Da farko abin na ba mutane dariya. A hankali sunan ya bi shi, har yaran da suka tasa ba su san yana da wani suna ba. Ni kaina sai na wayi gari ina kiransa Gide a cikin gida, inda babu baƙo.

Muna nan a haka aka kawo inshorar lafiya. An bi gari an rubuta tsofaffi da masu ciki da marasa ƙarfi, an ba kowa kati mai hoto. Da katin za ka ga likita a ƙaramin asibitinmu, in ya rubuta magani ka karɓa ba tare da ka sayar da tunkiyarka ba. Matsalar ita ce ba kowane magani ke akwai a asibitin ba, shagon da inshora ta amince da shi kuma mafi kusa yana Funtuwa. Ga kati a hannu, ga hanya a tsakani.

Maƙwabciyarmu Halimatu Sa'adiya na da ciwon suga, allura take yi kullum, irin wadda sai an ajiye a sanyi. Mijinta ke zuwa Funtuwa duk wata da fulas ɗin ƙanƙara. Wani zuwan aka tare hanya, ya yini kwance cikin gonar masara rungume da fulas, ƙanƙarar ta narke, allurar ta lalace. Ya dawo ba takalmi. Allurar nan kuwa tana cikin firjin Maharazu, tsakaninta da ɗakin Halimatu katanga ɗaya ce, amma katin ba ya aiki a wurinmu, su kuma ba su da ƙarfin saye.

Da yamma, ina tace mai, Maharazu ya zo ya tsuguna gabana.

"Yaya, na nemi a sa shagon ga cikin inshora."

Na ajiye rariya. "Ka nemi mi?"

"Na aika masu. Amma ba su ɗaukar shago sai hukumarmu ta masu magani ta turo wani ya gani da idonshi. Ba su hwaɗin rana."

"Su ga mi? Su ga wa? Kai ai ba ka garin ga."

Ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi wa tsofaffi bayanin ƙwaya. Akwai masu ba da hayar lasisi. Famasis yana zaune birni, ya ba wani takardarsa ya rataye a ƙauye, wanda bai san komai ba yana sayar wa mutane magani da sunansa. Shi ne babban laifin da hukuma ke farauta. In aka kama ka da shi, a garƙame shago, a karɓe lasisi. Shi ya sa suke zuwa ba sanarwa, su ga ko mai lasisin na nan da kansa.

"To in sun zo sai in sa tabarau," in ji shi, yana murmushi. "Ai motar gwamnati ba ta ɓacewa. Hwara ce, da rubutu a jiki."

Na zage shi tas. Na tuna masa Malam Harisu, na tuna masa bayana da ya goya shi. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Yaya, mijin Halimatu hwa? Wata mai zuwa ma sai ya tahi." Tun daga ranar nake kwana da tsoro, in tashi da shi. Abin da na riƙe kawai shi ne maganar farar mota.

Damina ta yi nisa. Dawa da masara sun rufe gefen hanya, mutum na iya tsayuwa cikinsu da babur ba a gan shi ba. Lokacin ne kowa ke tafiya da addu'a a baki. Wata ranar kasuwa, hantsi ya dubi ludayi, gari ya cika da mutanen ƙauyuka, wasu mun sani, wasu Allah kaɗai ya san inda suka kwana. Sai ga ɗan acaɓa ya sauke wani mutum a gaban mai faci.

Mutumin bai tsufa ba. Wata koɗaɗɗiyar riga ce a jikinsa, da silifas, laka har gwiwa. Babu jaka, babu agogo. Amma wuyansa ba na manomi ba ne, tafiyarsa ma haka. Na ga ya yi magana da mai faci, mai faci ya girgiza kai. Ya matsa wurin mai shayi, shi ma ya girgiza kai, ya nuna arewa da hannu, wato Katsina. Mutumin ya tsaya yana kallon saman ƙofarmu, inda ƙusoshin allo suke har yanzu.

"Gide," na ce, "miƙo mani buta."

Ya yi sallama, ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa. Irin ladabin nan aka yi wa Malam Harisu. Ya shiga ciki. Na juya kujerata yadda zan ji komai.

"Sannu da aiki. A ba ni maganin ciwon kai."

Maharazu ya jingine tsintsiya ya miƙa masa.

"Mai shagon hwa?"

"Ba shi nan."

"Yaushe shike zuwa?"

"Wallahi ni dai ajiye ni anka yi. Ya daɗe bai leƙo ba."

"Nan garin shike kwana?"

"A'a. Sun ce Katsina."

"To in anka kawo takardar likita, wa ke dubawa? Kuna ajiye allurai?"

Tambayoyin Malam Harisu ke nan, ɗaya bayan ɗaya, har da maganin ciwon kan. Na leƙa, na ga mutumin ya buɗe firji yana duba ciki, ya rufe. Ya ɗauko wata kwalba daga kanta ya juya ta, ya mayar. Ya tsaya gaban ƙaramar kwabar nan ta bango da ake kulle magunguna masu ƙarfi, irin waɗanda mutanen daji ke nema ido rufe. Ya daɗe yana kallonta.

Ban jira ganin ƙarshe ba. Na ɗauki ludayi na ƙwanƙwasa gwangwanin mai. Wannan ita ce alamarmu ta biyu, wadda ban taɓa amfani da ita ba sai ranar. Mai faci ya ji, ya ajiye taya ya sulale.

Mutumin na fitowa ya yi kiciɓis da Jabiru da mutanensa. Jabiru shi ne shugaban 'yan sa-kai na garinmu. An kashe masa wa a gona, tun daga nan dariya ta bar fuskarsa. Suka kewaye baƙon da sanduna da bindigogin harba-ruga.

"Wa kake nema?" in ji Jabiru.

Mutumin ya dubi hagu ya dubi dama, kasuwa ta fara taruwa. Ya rage murya. "Malam, mu shiga daga ciki in yi maka bayani."

"Nan za ka yi shi."

"Infoma ne!" Ni na faɗa, da ƙarfina. "Ya tambayi inda shike kwana! Ya tambayi allura! Haka anka yi wa Malam Harisu!"

Kalmar nan in ta faɗo cikin kasuwa ba ta ɗaukuwa. Kafin ka ce me, wani ya kai masa mari, wani ya fizge rigarsa. Aka lalube aljihunsa, babu komai sai ƙaramar waya da maganin da ya saya. Ido ya raina fata, sai ya fara ihu.

"Ni ma'aikaci ne! Sunana Nasir! Hukumar masu magani ta turo ni duba shagon ga, don maganar inshora!"

"Ina katinka?"

"Na baro shi Funtuwa, hannun direba, tare da mota. Wa ke bin hanyar ga da katin gwamnati a aljihu? Ku hwaɗa mani, wa ke yi?"

Gaskiya ce, kowa a wurin ya san gaskiya ce. Malamin makaranta ma in zai bi hanyar nan sai ya sa tsumma ya ce shi leburan gona ne. Amma kuma infoma in aka kama shi, abin da zai faɗa ke nan. Jabiru ya ce a wuce da shi bayan kasuwa. Wanda aka kai bayan kasuwa ba a cika tambayar labarinsa ba.

Na ji an kama hannuna. Maharazu ne, ya fito baranda, fuskarsa ta yi fari fat.

"Yaya," ya ce a kunnena, "mutumin ga ya juya kwalba ya duba ranar lalacewa. A firji ma, ma'aunin sanyi ya duba, bai ko kalli allurar ba."

"Ɓarayi ma na karatu. Koma ciki."

"In shi ne hwa? Ni na ce su zo."

"In ba shi ne ba hwa?" Na riƙe rigarsa da hannu biyu. "Dubi kasuwar ga. Dubi. Ka san duk wanda ke cikinta? Ka buɗe baki nan, kahin la'asar an ji cikin daji. Don girman Allah, Gide, koma ciki."

Ya dube ni. Tun yana yaro in zai ƙi jin magana haka yake yi, ba ya musu, sai ya dube ka kamar yana ba ka haƙuri. Shi ma tsoron yake ji, ya ma fi ni. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya, ya sa hannu aljihu ya ciro tabarau, ya sa.

An riga an ja mutumin har wajen masu hatsi. Maharazu ya kutsa cikin taron.

"Jabiru, dakata. Ni shike nema."

Jabiru ya juyo. Na ga yana ƙyafta masa ido. "Kai Gide, koma bakin shararka. Maigidanka shike nema."

"Ba ni da maigida." Ya ɗaga murya yadda har masu awon masara suka tsaya da tiya a hannu. "Ni ne Maharazu. Ni ne mai lasisin shagon can, ban taɓa barin garin ga ba. Ni na nemi hukuma ta turo mutum."

Kasuwa ta yi tsit. Mai shayi, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari. "Kai ku rabu da shi, Gide ne, rana ta taɓa shi." Wasu suka yi dariyar dole. Babu wanda ya yarda ya shaide shi. Mutanen da ya yi wa magani, waɗanda ya zauna da 'ya'yansu suna suma, duk suka kau da kai suna cewa ba su san wani Maharazu ba. Ban taɓa son mutanen garinmu kamar a lokacin ba. Ni kuwa idona na kan baƙin fuskoki. Akwai wani dogo da ya jingina da buhun wake, akwai wasu biyu a bayan masu gishiri. Wataƙila manoma ne. Duk suna kallon tabarau ɗin.

Maharazu ya tsuguna gaban mutumin. Leɓensa ya fashe, girarsa na jini.

"In kai ne wanda ka ce, hwaɗa masu abin da ka gani a shagona."

Da mutumin ya fara magana sai muryarsa ta koma irin ta ofis, kamar ita kaɗai ta rage masa.

"Sanyin firji daidai ne. Ban ga maganin da ya wuce lokaci ba. Amma ba allo a waje. Ba lasisi a bango, ba rajistar shago. Kuma," ya goge jini da bayan hannu, "kwabar magunguna masu ƙarhi, ka bar makulli a jikinta. Laihi ne. Makullin nan a jikinka ya kamata shi kasance."

Maharazu ya shafa aljihunsa. Da gaske ne. Garin gaggawar ɗaukar tsintsiya ya bar shi.

Jabiru ya daɗe yana kallon mutumin. Sannan ya sauke bakin bindiga. "Ɓarawo dai ba shi yi maka hwaɗa don ka bar makulli," ya ce. Ya karɓi wayar Maharazu, aka kira ofis a Katsina, aka kira direban a Funtuwa. Duk suka ce e, Malam Nasir nasu ne, koɗaɗɗiyar rigar ma ta mai gadin masauki ce ya ara.

A shagon aka zaunar da shi. Maharazu ya wanke masa ciwon ya manna filasta. Na kawo masa ruwa. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

"Da na bar garin ga da abin da na ji," in ji Malam Nasir, "hayar lasisi zan rubuta. Kowa ya ce mani ba ka nan. Kai ma ka ce mani ba ka nan."

"Me ya hana ka hwaɗi ko kai wane ne tun farko?" na ce.

"Hajiya, a kasuwar ga? Ni ma ina da ɗiya ƙanana. Na so in ga mai lasisi in hwaɗa mashi shi kaɗai."

Na ga hanya, na bi. Na ce to yanzu ya gani da idonsa, ya san dalilinmu. A rataye lasisin can ciki bayan kanta, a bar maganar allo. Na roƙe shi da Allah da Annabi. Na ce ya rubuta ya ga allo, wa zai biyo hanyar nan ya ƙaryata shi?

Ya sunkuyar da kai. "Na gane, Hajiya. Wallahi na gane. Amma mai kati dole shi san inda za shi, shi san wa ke ba shi magani. Ban iya cewa na ga abin da ban gani ba. In kun ce a bari, sai in rubuta a bari, shago shi tsaya yadda shike, ba inshora. Ko hakan ma, lasisi sai ya hau bango."

Duk suka juyo suna kallona, kamar ni ce hukumar. Ta tagar baya ina hango katangar Halimatu Sa'adiya, da fulas ɗin nan da mijinta ya wanke ya kife a kai. Na kuma tuna cewa sunan da nake ɓoyewa an riga an faɗe shi a tsakiyar kasuwa, ba ni da hannun da zai kwaso shi.

Ni na shiga rumbu. Na ɗaga damman gero, ga allon nan, ɓera ya ɗan ci gefe ɗaya, amma rubutun na nan fes kamar jiya aka yi. Na goge shi da gefen zanena. Mai faci ya kawo tsani. Kowane bugun guduma sai na ji shi a ƙirjina. Jabiru da mutanensa suka raka Malam Nasir har bakin kwalta.

Kafin a yanke gero amincewa ta zo, aka manna tambarin inshora a ƙofa. Halimatu Sa'adiya ce ta fara zuwa da katinta. Da ƙafarta ta zo, ta karɓi allurarta da sanyinta, ta koma gida kafin ruwan da ta ɗora ya tafasa. Mijinta ya riƙe hannun Maharazu yana ta sa masa albarka. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Tsofaffi daga ƙauyukan Faskari, har da na wajen Ƙanƙara, suka riƙa zuwa da katunansu a ƙulle cikin leda. Duk wanda ya zo sai ya koma ya ba da labari. Abin da ke faranta wa Maharazu rai ke nan, ni kuma shi ke hana ni cin abinci.

Mutane sun koma kiransa da sunansa. Ya ɗauko farar rigarsa daga akwatina, tsintsiya ta koma bayan ƙofa. Ni kaɗai na rage ina ce masa Gide. Ya ce in daina, na ce bakina ya saba. Ba sabo ba ne. Duk sanda na buɗe baki zan kira sunan, sai in ga kamar akwai mai saurare.

Ban bar baranda ba. Ƙuli-ƙuli ya zama hujja kawai, hanya nake gadi. Na san ƙarar babur ɗin kowa a garin nan, kuma in na ji wadda ban sani ba, ludayi na hannuna kafin in san na ɗauka.

Ranar kasuwar da ta wuce, wajen azahar, babur ya tsaya a gabana. Mutum biyu ne a kai, sun naɗe fuska da rawani, jar laka ta bushe a ƙafafunsu, irin wadda babu ita a hanyar Funtuwa. Ba su kashe injin da wuri ba. Na baya ya ɗaga kai yana karanta allon a hankali, rawanin na motsi a bakinsa. Wataƙila yana da kati cikin aljihu. Wataƙila uwarsa ce ba lafiya. Na dubi wurin mai faci, ya tafi salla.

Suka sauko. Suka gaishe ni da ladabi, har da rusunawa.

"Hajiya, mai maganin shina ciki?"

Tsohuwar ƙaryar ta taso mini har maƙogwaro, ga allo a saman kaina da sunansa da lambarsa. Na buɗe baki zan ce ya koma Katsina. Kafin in furta, na ji muryarsa daga ciki.

"Ga ni nan. Ku shigo."